InControl: 'yar manhajar da ke hana Windows sauya siga ba da izininka ba

Yawancin masu cewa suna son kashe sabuntawar Windows abu biyu suke haɗawa wuri ɗaya. Akwai facin wata-wata da Microsoft ke fitarwa ranar Talata ta biyu a kowane wata, wanda aikinsa toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta ciki. Akwai kuma babban sauyi, wato ɗaga kwamfuta daga Windows 10 zuwa 11, ko daga 23H2 zuwa 24H2. Wannan na biyun shi ne mai lashe gigabait da yawa na data, mai riƙe kwamfuta awa ɗaya ko fiye tana juya ɗigo a allo, kuma shi ne ya fi barin tsohuwar firinta ko sikana ba ta aiki washegari. InControl na biyun kaɗai take tarewa, na farkon kuwa ta bar shi ya wuce. Darajarta ke nan, kuma iyakarta ke nan.

Steve Gibson ne ya rubuta ta, mai kamfanin Gibson Research Corporation a Amurka, ta fito a 2022. Shi ne dai ya yi Never10 a 2016, lokacin da Microsoft ke tura masu Windows 7 da 8.1 zuwa Windows 10 kusan da ƙarfin tsiya. Kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma girmanta bai kai kilobait 100 ba, ko hoton da aka ɗauka da waya ya fi ta nauyi. Ba a girka ta. Fayil ɗaya ne, a sauke shi daga shafin grc.com, a buɗe, a yi aiki, a rufe. Ba ta zama tana gudana a ɓoye, ba ta cin RAM, kuma ko an goge fayil ɗin bayan an gama, saitin da ta yi yana nan daram. Kafin a buɗe, yana da kyau a danna fayil ɗin da maɓallin dama, a shiga Properties, a duba Digital Signatures a ga sunan kamfanin. Ƙananan manhajoji irin wannan su ne masu shafukan bogi suka fi son cusa wa ƙwayar cuta.

Da an buɗe ta, Windows zai nemi izinin mai gudanarwa, a ce masa Yes. Taga ɗaya ce za ta fito, da ƙananan akwatuna biyu a ƙasa: Version, inda za a ga 10 ko 11, da Release, inda za a ga irin su 22H2 ko 24H2. Ita da kanta take cike su da abin da ke kan kwamfutar. Mai son tabbatarwa ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta winver, zai ga sigarsa. Sai a danna Take Control. Shi ke nan. Idan daga baya ana son a matsa gaba, a danna Release Control, a sauya abin da ke cikin akwatin Release zuwa sigar da ake so, a sake danna Take Control. Daga nan Windows zai kawo wannan sigar da aka rubuta, ya tsaya a kanta.

Babu wani siddabaru a ciki. Microsoft da kanta ta tanadi wannan tsari don kamfanoni masu ɗaruruwan kwamfutoci, waɗanda ba sa yarda a sauya musu siga sai sashen fasaharsu ya gwada. A Windows Pro ana samunsa ta gpedit.msc, wato tagar da ake tsara dokokin Windows, a ƙarƙashin saitin "Select the target Feature Update version". Matsalar ita ce Windows Home, wanda shi ne ke kan yawancin laftof ɗin gida, ba shi da gpedit. Abin da InControl ke yi shi ne rubuta saitin kai tsaye a cikin Registry, rumbun da Windows ke ajiye saitunansa, musamman a HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\WindowsUpdate. A nan take sa TargetReleaseVersion ya zama 1, ta rubuta sigar a TargetReleaseVersionInfo, ta rubuta 10 ko 11 a ProductVersion, tare da wasu 'yan saituna da ke hana tayin haɓakawa. Wanda ya iya regedit, manhajar gyara Registry, zai yi wannan da hannunsa cikin minti biyar. Amma kuskuren harafi ɗaya a sunan saitin ya isa ya sa Windows ya yi kamar bai gani ba, kuma ba zai gaya maka ba. Wannan kuskuren manhajar ke ɗauke maka.

Bayan an yi, shafin Windows Update zai iya nuna rubutu cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa wasu saitunan kwamfutar. Mutane kan tsorata su ɗauka an yi musu kutse. Ba kutse ba ne, haka Windows ke rubutawa duk lokacin da ya ga an sa wani abu a ƙarƙashin Policies.

Inda mutane ke shan mamaki shi ne wa'adi. Kowace sigar Windows 11 Home da Pro wata 24 Microsoft ke ba ta tana samun faci. Wa'adin 22H2 ya cika ranar 8 ga Oktoba 2024, na 23H2 ranar 11 ga Nuwamba 2025, na 24H2 kuma 13 ga Oktoba 2026 ne. A bayanin da Microsoft ta yi kan wannan saiti, idan sigar da aka kulle ta wuce wa'adinta da kwana 60, Windows zai ɗaga kwamfutar da kansa, ko da saitin yana nan. Ke nan InControl jinkiri take saya maka, kai ka zaɓi ranar da kake da data da wuta da lokaci. Mai hankali zai rubuta ranar cikar wa'adin sigarsa a kalanda, ya buɗe ƙofa da kansa wata ɗaya ko biyu kafin nan, bayan ya kwashe muhimman fayilolinsa zuwa fulash ko wani faifai na waje. Manhajar ba ta tunatar da kowa wannan rana, kuma a ganina wannan ne babban giɓinta.

Ga masu Windows 10 lissafin ya bambanta. Sigar ƙarshe ita ce 22H2, kuma tallafin kyauta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ta buɗe shirin ESU, wato na ci gaba da ba da facin tsaro, na ƙarin shekara ɗaya ga masu gida, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ana shiga da dala 30, ko makin Microsoft Rewards 1,000, ko ta haɗa saitunan kwamfuta da asusun Microsoft. InControl za ta hana a kai ka Windows 11, amma ba za ta samo maka facin da aka daina bayarwa ba. Kuma a duba tukuna ko ana ma buƙatarta. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da kuma firosesa zubi na 8 zuwa sama idan na Intel ne. Yawancin laftof ɗin Baljiyam da ke kasuwanninmu masu Core i5 zubi na 4 zuwa na 6 ba su cika sharaɗin ba, don haka Windows Update ba zai taɓa kawo musu 11 ba.

Sauran abubuwan da ke kawo cikas kaɗan ne. Idan babban sauyin ya riga ya sauka yana jiran a sake kunna kwamfuta, an makara, kada a dogara da ita a wannan matakin. Ba ta mayar da kwamfuta baya: rubuta 10 a kan kwamfutar da ke Windows 11 ba zai dawo da 10 ba. Komawa baya ta Recovery ake yi a cikin Settings, cikin kwana 10 kacal, kafin Windows ya share jakar Windows.old. Idan kuma aka rubuta sigar da babu ita, ko wadda ta gaza ta yanzu, babban sauyi zai daina zuwa gaba ɗaya har sai an gyara rubutun.

Mai kukan data ya sani cewa InControl rabin maganinsa ce. Facin wata-wata zai ci gaba da sauka, ɗaruruwan megabait, wani watan ma fiye. Wanda ke jona kwamfuta da hotspot na waya ya shiga Settings, Network & internet, Wi-Fi, ya buɗe bayanan layin da yake kai, ya kunna Metered connection, wato ya gaya wa Windows cewa layin mai awo ne don ya rage cin data. Ana yin wannan ga kowane layi daban, saitin wayar gida bai shafi MiFi na ofis ba. Ya kuma tabbatar maɓallin sauke sabuntawa a kan layi mai awo a kashe yake a Advanced options, sannan ya kashe "Allow downloads from other PCs" a Delivery Optimization don kada kwamfutarsa ta riƙa tura wa wasu faci da datarsa. Dakatarwa ta Pause updates tana kaiwa kwana 35, bayan nan sai an karɓi abin da ya taru kafin a sake dakatarwa. Active hours kuma yana hana sake kunnawa na tsawon awa 18 a rana. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS ya fi kowa buƙatar waɗannan, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar girka faci na iya barin Windows ya kasa tashi.

Za a ce me zai hana a ɗauki Windows Update Blocker ta Sordum, wadda ke kashe komai da dannawa ɗaya? Tana aiki, har tana hana Windows sake tayar da hidimomin da aka kashe, abin da yakan yi wa duk wanda ya kashe su da hannu ta services.msc. Amma kamar mai toshe ƙofa ne da bulo don gudun baƙo ɗaya. Microsoft Store zai daina sauke manhajoji, a riƙa ganin kuskuren 0x80070422, sabunta Defender, mai tsare Windows daga ƙwayar cuta, na iya samun tangarɗa, faci kuma ya tsaya cak. Ƙwayar cutar WannaCry da ta addabi duniya a Mayun 2017 ta shiga ne ta kafar da Microsoft ta riga ta fitar da facinta tun watan Maris na shekarar. Irin wannan toshewa ta dace da kwamfutar da ba ta hawa intanet, kamar wadda aka ware wa injin buga takardu ko na yanka sitika a shago. Kwamfutar da ake shiga banki da imel da ita, InControl ce ta dace da ita, a haɗa da Metered connection, a kuma ware rana ɗaya a wata, an cika batir, a danna Check for updates da hannu.