Ƙyallen magoya baya: wane yadi za ka saya, wane fenti?

Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke gida, ya san yadda ƙyalle mai ruwan ɗorawa da kore ke ɗaukar ido tun kafin a busa usur. Kulob ɗin unguwa da ɗalibai masu shirin gasar wasannin makaranta su ma sukan so nasu, kuma aiki ne da ake iya yi a tsakar gida. Sai dai kafin ka doshi Kantin Kwari, ka san sau nawa za a ɗaga shi, kuma daga wane nisa za a karanta shi.

Nisan nan shi ke yanke faɗin yadi. Babban filin ƙwallo faɗinsa mita 68 ne, kuma masu rubutun allo kan ba harafi tsayin inci ɗaya a kan kowace ƙafa goma ta nisa. Ke nan in ana so mutanen ɗaya ɓangaren su karanta ba tare da ƙyafta ido ba, harafi zai kai inci 22. Yadi mai faɗin inci 45 layi ɗaya zai ɗauka da ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa; mai inci 60 shi ke ɗaukar layi biyu. Don haka ka tambayi faɗi kafin ka tambayi kuɗi. Suna mai haruffa goma kuwa zai ci wajen yadi biyar.

Akoko shi ne mafi araha, kuma auduga ce zalla, tana shan fenti, tana karɓar rini. Aibinsa biyu: yana tsukewa in ya ga ruwa, sannan daga kanti yakan zo da sitaci, wanda ke hana fenti kamawa. Maganin duka biyun shi ne a wanke shi, a goge, kafin a ja ko layi ɗaya da alli. Yadin yunifom, mai haɗin auduga da roba, ya ɗara shi tsada kaɗan, amma da launinsa yake zuwa, ba ya yamutsewa sosai, kuma yana bushewa da wuri. Ni shi nake zaɓa.

Satin ne ke yaudarar mutane. A rumfar mai kaya, ƙarƙashin fitila, babu abin da ya kai shi kyau. Mun taɓa sayen yadi shida saboda wasan ƙarshe na unguwa, muka shimfiɗa a siminti da dare, muka rubuta da fentin ƙofa mai mai. Kafin asuba kowane harafi ya yi gemu, fentin ya bi zare ya bazu, ya kuma ratsa ya manne da jaridar da muka sa a ƙasa. Haka muka ɗaga shi da labaran jiya a bayansa. Ko da rubutun ya fito, ƙyallin satin a rana tsaka kan disashe shi. In dole sai shi, to a ɗinka haruffan, kada a shafa.

Fentin mai dai ka bar wa ƙofa, domin yana sandarewa ya tsage wurin ninki. Fentin bango na ruwa yana da sauƙin kuɗi da saurin bushewa, ya isa ƙyallen yini ɗaya da rani, amma ruwan Agusta guda ya ishe shi. Wanda ya dace shi ne irin na masu buga riguna. A yanke haruffa a kwali da reza, a riƙa dangwala da soso maimakon ja da buroshi, in ya bushe a juya bayansa a bi da dutsen guga na 'yan mintuna domin ya zauna.

Ƙyallen da za a yi kaka biyu ko uku ana yawo da shi, ɗinki ne gaskiyarsa. Tela ya yanka haruffa daga wani yadin mai launi daban, ya bi gefensu da keke. Ya fi cin kuɗi da lokaci, kuma gab da salla ba telan da zai saurare ka, amma ana wanke shi kamar riga. Baƙi a kan ruwan ɗorawa, ko fari a kan kore mai duhu, sun fi fitowa daga nesa. Ja a kan shuɗi kuwa ɓacewa yake yi.

Za a ce maka ka huta ka buga fileks kawai, wato irin shimfiɗar talla da ake bugawa da inji. Gaskiya ne yana fito da hoto da tambari tsaf, kuma ruwa ba ya masa komai. Amma roba ce mai nauyi, ba ta kaɗawa, iskar hunturu na tura ta kamar ƙofa, kuma inda aka ninke yakan bar farin layi. Don ɗaurawa a shinge ta yi. A hannun yara masu tsalle da waƙa, yadi ya fi.

Ko wanne ka zaɓa, ka ƙara rabin yadi a lissafi. Da shi tela zai yi kalmasa mai ninki biyu, ya bar aljihu a kowane gefe inda za a zura gora. Kusurwoyi huɗun kuma a kai wa mai gyaran takalmi ya buga musu idon ƙarfe, don nan ne igiya ke fara yaga ƙyalle.