Takin nitirat na kalsiyam: abin da CaO ke nufi a buhu, da gonar da ya dace da ita

A shagunan kayan noma na Maradi ana samun wani farin taki mai ƙwaya, buhun kilo 25, an rubuta masa 15,5-0-0 + 26,5 CaO. Sunansa nitirat na kalsiyam. Wannan CaO ɗin yana ruɗa mutane, har wasu su ɗauka gasasshiyar farar ƙasa ce aka zuba a ciki. Ma'aunin kalsiyam ne kawai da masana'antu ke lissafi da shi. A ninka adadin da 0,715 a samu ainihin kalsiyam: 26,5 ya koma 19 cikin ɗari, wato kusan kilo biyar a buhu, tare da azot, sinadarin da ke sa ganye (shi ne 15,5 ɗin farko), kusan kilo huɗu.

Ga mai tumatir da tattasai a Jiratawa ko a bakin Gulbi, taki ne mai kyau. Yana narkewa nan da nan, kuma ba ya ƙara wa ƙasa tsami kamar ure. Daga fitar fure a riƙa sa giram 5 a kowane tushe bayan sati biyu biyu, tazarar yatsa huɗu daga kara, a bi da ruwa. Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Baƙin tabon nan da ke cin gindin tumatir rashin kalsiyam ne, sai dai ruwa ke kai kalsiyam cikin ɗa. In fangali ya bushe yau gobe a cika shi, tabon zai fito ko nawa aka zuba. Fesawa a ganye ma ba ta cika yin amfani ba, don kalsiyam ba ya barin ganye ya koma ɗa.

Babban aibin takin shi ne shan raɓa: buhun da aka bari buɗe da damina jiƙewa yake ya dunƙule. Kuma ba a jiƙa shi a bokiti ɗaya da taki mai fosfat ko sulfat, farin laka zai kwanta ya toshe bakin famfo.

Mai gyaɗa a jigawa kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa a nan. Kwanso daga ƙasar da ke kewaye da shi yake shan kalsiyam, kuma yana son wanda zai daɗe yana narkewa a hankali, irin sulfat na kalsiyam da ke cikin takin Supa. Nitirat na kalsiyam kuwa ruwan sama biyu sun wanke shi daga rairayi, gyaɗa ta yi ganye, kwanso ya fito fanko.