Gashin ƙashi ga mai juna biyu: ya cancanci kuɗin motar?

A ƙauyukanmu an fi sanin sashen gashin ƙashi da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda suka yi karaya. Mata kaɗan ne suka san a can ma ake koya wa mai ciki yadda za ta sarrafa tsokokin ƙasan ƙugunta kafin ranar durƙuso. A ganinmu hidimar ta cancanci wahalar hanya, musamman ga mai cikin fari da wadda fitsari ke kufce mata in ta yi tari ko atishawa. Zuwa biyu ko uku ya ishi yawancin mata. Sauran aikin a ɗaki ake yin sa, ba ya cin ko sisi.

Tsokokin nan a shimfiɗe suke daga ƙashin ƙasan mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, sun tallafe mafitsara da mahaifa da dubura yadda majanyi ke tallafe goyo. Wata tara suna ɗauke da nauyi, ranar haihuwa kuma sai sun saki sun miƙe kafin kan jariri ya wuce. Ke nan mace tana bukatar su yi ƙarfi, tana kuma bukatar ta iya sake su lokacin da ta ga dama.

A zuwan farko ma'aikaciya za ta duba katin awo, ta yi tambaya kan fitsari, bayan gida, ciwon ƙugu da haihuwar baya, ko an yi ƙari ko an yi ɗinki. Daga nan sai ta duba yadda mace ke matsewa, da ido ko da yatsa cikin safar hannu, in mai cikin ta yarda. Ba a sa yatsa in akwai zubar jini, ko mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko faya ta fashe. Wannan dubawar ita ce mafi daraja a duk hidimar, domin mata da yawa in aka yi musu bayani da baki kawai, sai su riƙa yunƙuri ƙasa alhali suna zaton matsewa suke yi. Wata kuma cinyoyi da ɗuwawu take ƙanƙamewa, tsokar da ake nema tana nan kwance abinta.

Ga yadda ake yi daidai. A kwanta ta gefen hagu ko a zauna a kan kujera, a ja gaba da dubura ciki zuwa sama kamar mai riƙe iska a cikin mutane, numfashi kuma yana tafiya yadda ya saba. A fara da riƙewa na daƙiƙa 3 ko 4, a saki, a huta daidai wannan tsawon, a riƙa ƙarawa a hankali har daƙiƙa 10. Sau 8 zuwa 12 a zama ɗaya, a biyo da na sauri guda 10, zama uku a yini. Wadda ta ɗaura shi a bayan Asuba, Azahar da Isha'i ba ta cika mantawa ba. Sai an jure kusan wata uku kafin a ga canji sosai, shi ya sa fara zuwa a wata na huɗu ko na biyar ya fi jiran na tara. Kada a mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa motsa jiki: yana hana mafitsara juye duk abin da ke cikinta, ragowar kuma kan jawo ciwon sanyin mafitsara. Bayan rabin ciki kada a daɗe kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya taso.

Inda ma'aikaciya mai kyau ke bambanta da mai yin aiki sama-sama shi ne darasin saki. Wadda aka koya wa matsewa kaɗai, ranar naƙuda tsoro da zafi za su sa ta ƙara ƙanƙame wurin, kan jariri yana turowa ita tana rufewa. Ana koya mata ta ja numfashi ya cika ciki, ta sassauta muƙamuƙi, ta ji ƙasan ya buɗe. Ana kuma gaya mata kada ta fara nishi sai ungozomar asibiti ta ce bakin mahaifa ya buɗe duka, wato santimita 10, domin nishin wuri yana kumbura shi, ya kuma cinye ƙarfinta. Lokacin da kai ya leƙo, sai ta daina yunƙuri ta koma ɗan haki gajere-gajere, fata ta samu sararin miƙewa. Saurin fitar kai na cikin abubuwan da ke jawo yagewa.

Daga mako na 34 ko 35 ake ƙara tausar fatar da ke tsakanin gaba da dubura. A wanke hannu, a yanke farce, a shafa man zaitun ko man kwakwa mai tsabta, ban da man zafi da mai ƙamshi. A sa babban yatsa ciki kamar santimita 3 zuwa 4, a danna ƙasa wajen dubura har a ji ɗan raɗaɗin miƙewa, a tsaya minti ɗaya, sannan a riƙa kai shi hagu da dama. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a mako. Mai cikin fari ce ta fi cin moriyarsa, yana rage mata yiwuwar ƙari da ɗinki. Mai ƙaiƙayi ko ƙuraje a wurin ta bari sai ta warke. Su kuwa matsin alimun da bagaruwa, fata kawai suke busarwa, ba sa ƙara wa tsoka komai.

Wani abin da muka yaba shi ne inda ake taɓo aikin gida. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ga daka, ga surfe. Shawarar ita ce a raba ruwan kashi biyu, a matse ƙasan kafin a ɗaga, a fitar da numfashi yayin ɗagawa. Maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo kan sa bayan gida ya yi tauri, yunƙurin masai kuma yana gajiyar da tsokokin, don haka a yawaita ruwa da zogale da kuɓewa, kada a bar maganin. Mai ciwon ƙugu ta haɗe gwiwoyi in za ta juya ko ta sauka daga gado, ta sa matashi tsakaninsu in ta kwanta.

Aibin hidimar a fili yake. Babu ita a ƙananan asibitocin ƙauye, sai an je manya irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, kuma ba kowane mai gashin ƙashi ne ya ƙware a ɓangaren mata ba. Mata ma'aikata sun yi ƙaranci, wani wurin labule ne kawai tsakanin gado da gado, kunya sai ta hana mace faɗin ainihin damuwarta. Kafin a kashe kuɗin mota, a nemi takardar turawa daga wurin awo, a tambaya ko akwai mace mai duba masu ciki da ranar da take zama. In aka nufi mara ko baya da injin lantarki ko na ɗumama jiki, mai ciki ta ce tana da juna biyu, ba a yi mata wannan.

Maigida kuma ya sani motsa tsoka ba ya faɗaɗa ƙashin ƙugu, ba ya gyara kwanciyar jariri. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a sauka ba ta asibiti ce, domin doguwar naƙuda ce ke haifar da yoyon fitsari, yankan gishiri kuma yana ƙara ɓarna. Fitsarin da ke fita da tari kaɗai aikin sashen gashin ƙashi ne. Wanda ke zuba dare da rana bayan haihuwa kuwa huda ce, aikin tiyata ne, ana yin sa a Babban Asibitin Jahun da Asibitin Murtala da ke Kano.