Tukunyar hayaƙi ta Weber, bayan Sallah biyu da ita a Jidda

Baffana ya yi shekaru yana tsire a Makka, wajen Shari' Mansur, irin wanda mutanen Hijaz ke kira siriya. A gabansa na koyi yanka nama fale-fale da shafa ƙuli, da gane lokacin da garwashi ya yi. Ranar da na shigo da wannan tukunya tsakar gidanmu, ya zagaye ta sau biyu, ya ɗaga murfin, ya ce: "Ɗana, wuta a ƙasa, ruwa a tsakiya, nama a sama? Wannan dafuwa ce ko gashi?"

Tambayarsa ita ce ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya fitar da kuɗi. Wannan ba tukuba ba ce. In tsire kake so ko balangu, mangal ɗinka ya ishe ka. Aikinta ya fi kusa da banda: zafi kaɗan, hayaƙi, da dogon jira, sai dai naman ba ya bushewa, laushi yake yi har ya saki ƙashi.

Kafin ita na sayi wata mai araha, irin mai kama da ganga a kwance da akwatin wuta a gefe. Ƙarfenta siriri ne, hayaƙi na fita ta kowace kafa, ɓangaren da ke kusa da wuta ya ƙone, na nesa bai ko ɗumama ba. Iskar tekun Jidda mai gishiri kuma ba ta raga wa ƙarfe, kafin shekara ta zagayo tsatsa ta huda gindinta. Na duba masu jikin yumɓu da ake kira kamado, suna riƙe zafi sosai, amma ga nauyi ga tsada, ni kuma gidan haya nake.

Sai na tsaya a kan Weber Smokey Mountain mai faɗin santimita 47. Akwai ta 37 da ta 57, amma ta tsakiyar ce daidai da gida irin namu: raga biyu gare ta, ta sama ta ɗauki kafaɗar rago, ta ƙasa haƙarƙari ko kaji biyu. An lulluɓe jikinta da enamel, wani shafe mai santsi kamar tangaran, kuma har yau ban ga tsatsa a jikin ba, ko da yake ina rufe ta bayan kowane aiki.

Sirrinta yana cikin kwanon ruwan nan da Baffa ya raina. Shi ke tare zafin wuta, ya hana shi tashi farat ɗaya. A ƙasa akwai ƙofofin iska uku, a murfi ɗaya. Ta murfin nakan bar ta a buɗe, da na ƙasan nake sarrafa wutar. Nakan cika zoben ƙarfen da ke gindinta da gawayi ba kunnawa, in zuba ɗan garwashi a kai, wutar ta riƙa ci a hankali. In allurar ma'aunin zafin da ke murfi ta zauna tsakanin digiri 110 da 120 na Salshiyas, to a ƙyale murfi. Kowace leƙawa zafi take zubarwa. Ka lura da hayaƙin: in fari ne mai kauri, naman zai yi ɗaci, jira ya koma siriri, shuɗi-shuɗi, sannan ka ɗora.

Gawayi kuwa, na waje za ka nema, don hukuma ta hana sare itatuwan ƙasar nan irin su samur da sayar da gawayinsu. Na ɓawon kwakwa ya fi daɗewa a hannuna, sai in jefa guntun itacen tuffa biyu ko uku saboda ƙanshi. Kada ka kuskura da gawayin nan mai saurin kamawa na turaren wuta, warin sinadarinsa zai shige nama. Kuma komai zafin waje, kada a shigar da ita ɗaki ko gareji a rufe. Iskar gawayi kisa take ba a ji warinta ba.

Da Babbar Sallah rana ta buɗe sosai, baƙar tukunya kuma ta sha rana sai zafinta ya ƙaru, shi ya sa nake ajiye ta a inuwa in kunna bayan asuba. Bana ragon sawakini muka yanka, irin da ake kawowa daga Sudan. Na shafe kafaɗar da gishiri, citta, masoro da tafarnuwa, ƙulin kuwa na bar shi sai wajen ci. Awa bakwai ta yi a ciki, sau ɗaya na ƙara ruwa ta ƙofar gefe. Da na ja ƙashin allon kafaɗa sai ya zare tas, ƙarƙashin ɓawon naman kuma ga wani ja-ja da hayaƙi ya bari.

Baffa ya yagi tsoka da yatsu uku, ya dangwala yaji, ya tauna shiru. Can ya ce wuyan ragon kada uwargida ta sa shi a miya, gobe a tukunyar nan za a ɗora shi, kuma shi zai kunna wutar.