Zaɓen Na'urar Kula Da Sabar Daga Nesa Ta Ƙofar Siriyal

Kamfanin da hedikwatarsa take Abuja, yake kuma da ɗakin sabar a reshensa na Jos, yana iya gudanar da komai ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa a tsare, muddin hanyar sadarwa tana lafiya. Ranar da aka yi kuskure wajen saita rauta (na'urar da take haɗa ofis da waje), ko sabar ta maƙale a tsakiyar tashi, hanyar shigar ce da kanta take toshewa, sai dai injiniya ya kama titin Keffi da Akwanga. Ƙofar siriyal, wato ramin da ake jona kebul a jikin na'ura domin a ba ta umarni kai tsaye, wadda take bin tsarin RS-232 da aka fitar tun 1960, ba ta buƙatar adireshin IP, shi ya sa take amsawa ko da duk sauran hanyoyin sun mutu. Abin da mai saye yake nema shi ne na'urar da za ta kai shi bakin wannan ƙofa daga nesa.

Zaɓin da ya fi ba da kwanciyar hankali shi ne na'urar da aka ƙera domin wannan aiki kaɗai, wadda masu sana'ar suke kira konsol saba, irin ta Opengear, Lantronix, Perle ko Avocent. Tana zuwa da ramuka 8, 16, 32 ko 48, kowane rami a haɗa shi da suwic (na'urar da take haɗa kwamfutocin ofis da juna), rauta ko sabar guda, a shiga ta SSH. Babban amfaninta, wanda masu saye suka cika mantawa da shi, shi ne tana adana duk abin da na'ura ta rubuto a konsol, wato ta ƙofar siriyal, ko da babu kowa a zaune, ta yadda idan sabar Linux ta faɗi da tsakar dare, saƙon ƙarshe da ta fitar yana nan yana jiran injiniya da safe. Aibinta tsada ne, ga shi da dala ake sayenta, kuma wasu kamfanonin suna karɓar kuɗin lasisi daban a kan manhajar da take haɗa rassa da yawa wuri guda, don haka a tambayi wannan kafin a biya.

Akwai masu sayen tsohuwar rautar Cisco, kamar 2511 mai layuka 16, su mayar da ita mashiga. Tana aiki, kuma ta dace da ɗakin gwaji na mai koyo, amma yawanci ta tsohon tsarin telnet ake shigarta, wanda yake tura kalmar sirri a fili, don haka ba zan ba kowa shawarar ya sa ta a kan kayan kamfani ba.

Hanyar da ta fi araha ita ce a haɗa da hannu: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da kebul ɗin USB zuwa siriyal guda huɗu ko biyar, da manhajar ser2net ko conserver. Ga reshe mai na'urori kaɗan wannan ya wadatar, da sharaɗin a kula da abubuwa biyu. Kasuwa cike take da jabun kebul, musamman masu kwaikwayon na kamfanin Prolific, waɗanda sukan yanke ba dalili, don haka a nemi na kamfanin FTDI na asali. Sannan Linux yakan sauya lambobin kebul bayan an sake kunna kwamfutar, wanda yake ttyUSB0 jiya ya koma ttyUSB2 yau, mutum ya zaci yana cikin suwic alhali yana cikin rauta. Maganinsa a riƙa kiran kowane kebul da sunansa na dindindin da yake cikin /dev/serial/by-id. Katin SD na Pi ma ba ya jure yawan ɗaukewar wuta.

Wanda sabar kawai yake da su, ba tarin kayan sadarwa ba, ya fara duba abin da yake hannunsa, domin iDRAC na Dell da iLO na HP, tsarin kulawa da yake zuwa a cikin sabar, suna ba da damar kunna sabar da kashe ta daga nesa, kuma ƙa'idar kula da sabar ta IPMI 2.0 ta 2004 ta kawo siriyal ta kan LAN, wato hanyar sadarwar cikin ofis. Sai dai duk suna tafiya ne a kan waya ta Ethernet, idan suwic ɗin da suke kai ya mutu sun mutu tare da shi, kuma ba a barin su a buɗe ga intanet.

A kan hanyar shiga mai zaman kanta ne nake ganin ya kamata kuɗin mai saye ya fi tafiya, fiye da yawan ramuka. Na'urar da take bin layin intanet ɗin ofis ba ta da amfani a ranar da ake buƙatarta, saboda haka a zaɓi mai ramin SIM da 4G, a sa mata layin da ya bambanta da na ofis, Airtel idan ofis yana kan MTN. Layukan waya ba kasafai suke ba da adireshin IP na fili ba, dole na'urar ta iya kiran hedikwata da kanta ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a kan intanet, kuma a sa ido kada data ta ƙare ko a rufe layin saboda rashin amfani. Wuta ma haka: ko kamfanin wuta na Jos (JED) ne yake ba da ita ko na Abuja (AEDC), a ware wa na'urar ƙaramin UPS nata mai riƙe wuta da batir, a kuma haɗa ta da soket mai karɓar umarni daga nesa, domin wani lokaci abin da na'urar da ta sandare take buƙata kawai a kashe ta a kunna.

Kafin a yi oda, a ƙirga ƙofofin da ake da su a ƙara kaɗan saboda gaba, a kuma tabbatar cewa tsarin wayoyin ramin RJ45 na na'urar ya yi daidai da na Cisco, in ba haka ba kowane rami sai an saya masa adafta. Kayan Cisco yawanci a kan gudun siriyal 9600 suke zuwa, sabar Linux kuwa an fi sa ta a 115200, kuma ba za ta ce uffan a siriyal ba sai an ƙara console=ttyS0,115200 a cikin GRUB, manhajar da take tayar da Linux. Wannan saiti a yi shi a gwada tun injiniya yana tsaye a ɗakin sabar na Jos, a zare wayar intanet ɗin ofis, abokin aikinsa da yake Abuja ya nuna cewa ya shiga.