Godot, Unity ko Unreal: wanne kwamfutarka za ta iya ɗauka?

Kafin ka shiga Banex Plaza a Wuse 2 neman laptop, fara tsayar da shawara kan injin da za ka ƙera wasa da shi, wato manhajar haɗa wasan bidiyo irin su Godot, Unity ko Unreal. Shi ne zai nuna maka irin kwamfutar da za ka saya da yawan datar da za ka ƙona.

Unreal, mu ajiye shi gefe tukuna. Hotunansa suna da kyau matuƙa, kuma ba ka biyan kamfaninsa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shiga sai wasanka ya kawo sama da dala miliyan 1, amma kamfanin ya ba da shawarar RAM 32GB da katin hoto mai ƙarfi, ga shi yarensa na rubuta manhaja C++ ne. Ga mai fara koyo shi kaɗai, kaya ne da ya fi ƙarfin kai.

Gasar gaske tana tsakanin Unity da Godot. Unity yana amfani da C#, darussansa sun cika YouTube, kuma kyauta ne muddin kuɗin shigarka bai kai dala 200,000 a shekara ba. Matsalarsa nauyi: sauke shi tare da kayan fitar da wasa zuwa Android zai ci gigabait da yawa, kuma a kan RAM 8GB duk ƙaramin gyara a rubutu sai ka zauna jiran ya sake haɗawa. Idan ka zaɓe shi, nemi 16GB.

Godot kuwa bai kai megabait 100 ba wajen saukewa, ba ya bukatar girkawa, kana iya yawo da shi a filasha. Babu lasisin biya ko kaɗan. Yarensa GDScript ya yi kama da Python, don haka abin da ka koya ba zai tashi a banza ba. Idan allon ya yi baƙi ko injin ya ƙi buɗe aikin a kan tsohuwar kwamfuta, yawanci katin hoton ne bai iya Vulkan ba, wato fasahar zana hoto da Godot 4 ke amfani da ita; ƙirƙiri aikin da zaɓin Compatibility, shi ke nan. Ga wasan 2D na waya, mu nan muke tura mai farawa. Rauninsa shi ne darussa sun fi na Unity ƙaranci, kuma da yawa na Godot 3 ne, ba sa aiki daidai a Godot 4.

Batun laptop ta hannu: SSD, ma'ajiyar bayanai mai sauri, dole ne, kada mai shago ya lallashe ka da babban HDD, tsohon samfuri mai jinkiri. Nemi Intel Core i5 ƙarni na 8 ko sama, domin Windows 11 ba ta karɓar na ƙasa da haka a hukumance, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025. Tambayi ko ana iya ƙara RAM, don wasu an manne su da allon ciki. Sai batir, wanda da ɗauke wutarmu ya fi komai muhimmanci: buɗe Command Prompt na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport a gaban mai shagon, ka kwatanta ƙarfinsa na asali da wanda ya rage. Idan ya sauka ƙasa da rabi, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki.

Idan za ka saka wasanka a kasuwar manhajojin Android, ka ware dala 25 na rajistar Google Play, sau ɗaya ake biya.