Farin rago ko baƙi: wanne za a bari don barbara?

Masu kiwo a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, a Ghana, sun sha tambaya ko farin rago za su bari a garke ko baƙi.

Mu fara da gado. Kowane ɗan rago yana karɓar ƙwayar halittar launi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A mafi yawan tumaki fari ne ke danne baƙi. Shi ya sa farin rago kan iya ɗauke da baƙi a ɓoye, kuma idan ya hau farar tunkiya mai irin wannan ɓoyayyen gado, kusan ɗaya cikin 4 na 'ya'yansu zai fito baƙi. Ba ragon maƙwabta ne ya tsallako ba, a daina zargin mutane. Baƙi mai irin wannan gado kuwa, da baƙar tunkiya baƙi zai haifa, babu ɓoye-ɓoye.

Ana iya gwada farin: a haɗa shi da baƙaƙen tumaki masu irin wannan gado, a jira wata 5. Baƙi ko ɗaya ya fito, to yana ɗauke da shi. Amma in fari ya fito, haihuwa ɗaya tak ba ta isa shaidar cewa ba ya ɗauke da baƙi ba.

A kasuwar layya fari tas ya fi saurin shiga. Kaska ma ta fi ganuwa a jikinsa.

Amma launi ba ya kare dabba daga sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. A damshin Kumasi gajerun tumakin Jalonke, waɗanda galibi dabbare-dabbare ne, sun fi dogayen fararen arewa juriya.

Mai turka don Babbar Sallah, fari ya fi masa. Mai son garke ya yaɗu da ƙarancin magani ya zaɓi lafiyayyen Jalonke, ko baƙi ne ko dabbare.